Na Ajiye Cokalin Umma

Ku masu turo min saƙo kuna cewa wai irin wannan maganar ba ta budurwa ba ce, na gani, na karanta, ban goge ko ɗaya ba. Wata har cewa ta yi in ji tsoron Allah. 'Yar uwa, ina jin tsoronSa, shi ya sa ma ba zan yi muku ƙarya ba. Wadda ba ta taɓa tsayawa gaban kwastoma tana murmushi alhali jikinta na ci da wuta ba, ta gyara zama ta karanta kawai.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana. Ummanmu tana da shagon kek a ƙasan benen da muke zaune, gilas a gaba, obin ɗin gasa kek a baya, ɗakinmu a sama daidai kan obin ɗin. Mu uku ke aiki, ni da Umma da Yaya, wato babbar yayata. Akwai kuma Gwaggo, ƙanwar marigayi Abbanmu. Ita ba aiki take ba, amma kullum tana nan kan kujerar roba kusa da firij, tana raba shawarar da ba wanda ya tambaye ta.

Shagonmu babu sikeli. Umma ta ce sikeli na 'yan koyo ne, ita da ido take awo, harshe kuma ya yanke hukunci. To harshen nan ni ce. Tun ina 'yar firamare likita ya hana Umma zaƙi saboda ciwon sukari, sai ta ɗauko wani ƙaramin cokali mai lanƙwasasshen hannu ta danƙa min. Duk kwaɓin da aka yi, duk aisin ɗin da aka buga, wato haɗin bota da sukarin da ake shafe kek da shi, sai an kira ni.

"Auta, zo ki ji min wannan."

Kuma ba a tofarwa. Dokar Umma ce, wai daɗin kek a maƙogwaro yake ƙarewa, wadda ta tofar rabin labari ta ji. Haka nake wuni ina haɗiya, in harshena ya gaji in wanke shi da lemon kwalba mai sanyi. Karin safena guntayen kek ɗin da aka yanke a gefe, da shayi mai kauri. Ni a lokacin gani nake babu wadda ta kai ni gata.

Sai ga Dogo. Gyaran firij ya kawo shi shagonmu, ya shigo ya ƙwale kansa da saman ƙofa, tun daga ranar sunan ya bi shi. Firij ya gyaru tun tuni, amma shi bai daina zuwa dubawa ba. Ina son sa, kar wata ta yi min wata fassara. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so, manya kuma sun fara magana. Aibinsa ɗaya, bai san zuwa hannu biyu ba. Kullum da kwalin cakulan, kuma ba zai tafi ba sai ya ga na buɗe na ci, ya tallafe haɓa yana kallona kamar wanda ya gina min gida.

Ciwon kuwa ya daɗe yana min sallama. Ƙaiƙayi ne a gaba, irin wanda ba ya jin lallashi, da wani farin abu mai kauri kamar madarar da ta tsinke, ga zafi in na yi fitsari. Ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Wa zan faɗa wa? Na riƙa laɓaɓawa kemis ɗin da ke nesa da layinmu ina cewa wata ƙawata ce ba ta da lafiya. Mai kemis ya yi ta ba ni kafso kala-kala, ni kuma na dage da wanki da sabulu mai ƙamshi da ruwan zafi, har fatar wurin ta fara tsagewa. Ranar da na tsinci kaina a bayan obin, na jingina da buhun fulawa ina hawaye don azaba, kwastoma na jira a waje, ranar na ce ya isa.

Likitar da na samu mace ce mai ɗan jiki, tabaronta rataye da igiya a wuya. Na zauna ina murza bakin mayafi, na fara da labarin ƙawata.

"Ƙawar taki ta hau gadon can in duba ta," in ji ta, ko murmushi ba ta yi ba.

Da ta gama, ta wanke hannu ta zauna ta fuskance ni.

"Saki ranki. Wannan ba irin ciwon da sai an kusanci namiji ake samu ba ne, kuma ba a masai kika kwaso ba. Ƙwayar tana zaune a jikin mata da yawa lafiya lau, sai ta samu dama take yin yawa. Me kike yi ne, sana'a?"

"Kek muke yi."

"To kin ma fi ni sanin halinta. Dangin yis ce, wanda ake sa wa kwaɓin burodi. In kina so yis ya tashi me kike ba shi?"

"Ruwan ɗumi da sukari," na ce. Ina rufe baki na gane inda ta dosa.

Ta tambaye ni abin da nake ci tun daga safe. Ina lissafi tana ɗaga gira, da na zo kan dokar hana tofarwa sai ta cire tabaron gaba ɗaya. Kafson da na nuna mata kuwa tsaki ta ja, ta ce shi ya ƙara min wuta, don yana kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin ya bar wa wannan fili. Ta tura ni aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce sukarin jinina ya haura inda ya kamata, bai kai a kira shi ciwon sukari ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa.

"Akwai mai shi a gidanku?"

"Ummana."

"To saurare ni da kyau. Ba zan ce miki abinci ne magani ba, maganin da zan rubuta shi zai kashe shi. Akwai mata da yawa masu shan zaƙi ba abin da ya same su. Amma ke jininki ya riga ya yi magana. Muddin sukari na yawa a jininki, ki sha magani yau, ya lafa, ya sake dawowa. Kuma ciwon da ke bakin ƙofar nan ya fi ƙaiƙayin haɗari."

Ta ce in bar lemon kwalba, in bar cakulan da aisin, in rage farin burodi. In riƙe ganye da wake da ƙwai da kifi, in sha ruwa, 'ya'yan itace kuma in tauna su maimakon in matse in zuba sukari. Yogot marar zaƙi ta ce ba laifi in sha.

"Sha na ce fa, ta baki. Don na ga masu kai shi inda ba a aike su ba."

Duk halin da nake ciki sai da na yi dariya. Ta ƙara da cewa in daina wanke ciki da sabulu, in koma kamfai na auduga, in bar matsattsun kaya. Ta ba ni maganin cusawa, ta ce in ajiye shi wuri mai sanyi, in dawo ta sake gani na.

Washegari da safe Umma ta buga aisin, ta miƙo cokali ba tare da ta ko juyo ba.

"Auta, ji min."

"Umma, na daina."

Sai da ta kashe injin haɗi sannan ta kalle ni. Na faɗa mata maganar jini, ban faɗi ɗayar ba. Ta ce ai likitocin yanzu haka suke, ko ciwon kai ka kai musu sai sun hana ka wani abu. Na ce a sayo sikeli mana, a auna sau ɗaya a huta. Wayyo, kamar na zagi kakarta. Ta ce shekara da shekaru tana ciyar da mu da idonta, yau ni zan kawo mata ƙarfe ya koya mata aiki. Aka kira Yaya ta ɗanɗana. Ita kuwa Yaya ko ƙasa ka ba ta cewa za ta yi ya yi daɗi.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, aikin da ke gabanmu ba na kowa ba ne. Ƙanwar Dogo ta gama jami'a, mamansu za ta tara mata 'yan uwa a gida, kuma mu ta ba aikin kek mai hawa uku. Ta ce lallai in zo da kaina, danginsu su gan ni. Umma ta ɗauki kek ɗin nan kamar jarrabawar gidanmu gaba ɗaya.

"To shi ke nan," Umma ta ce, ta cika cokalin ta nufi bakinta da shi. "Ni zan ɗanɗana. In na faɗi a nan, kin san wadda ta kayar da ni."

Na riƙe hannunta. 

"Umma, ke da likita ya hana ki, kin ji maganarsa, kika miƙo min cokalin nan ina 'yar ƙarama. Ni yau tawa likitar ta hana ni. Wa zan miƙa wa?"

 Umma ta ajiye cokalin a kan tebur a hankali, ta kunna injinta. Ranar ba ta sake yi min magana ba. Na ji zafin abin da na faɗa mata, don uwata ce kuma na san ba da mugunta ta yi ba, amma ban janye ba.

Maganin cusawar nan shi ya tona ni. Ɗakinmu na kan obin, da rana ko kyandir ka ajiye sai ya lanƙwashe. Sai dabara ta zo min, na samu robar bota da ta ƙare, na zuba maganin a ciki na tura can ƙuryar firij ɗin shago. Na manta cewa akwai mai bin robobin bota ɗaya bayan ɗaya tana lakatar na shafa wa burodinta.

Ina gaba ina naɗe wa wata mata kek na ji salati daga baya. Da kwastomar ta fita na shiga na tarar da Gwaggo tsaye, burodi a hannu ɗaya, maganina a ɗayan, ta ɗaga shi sama kamar ta kama kunama.

"Na shiga uku ni 'yasu! Wannan na wace ce?"

"Nawa ne, Gwaggo."

"Naki? Ke Auta? Wannan ai na matan aure ne! Me ya haɗa budurwa da abin cusawa? Wayyo ɗan uwana, gara da ba ka ga wannan rana ba!"

Na yi bayani tiryan-tiryan, yadda likita ta yi min. Gwaggo ta ce ita ba a yi likitar da za ta koya mata duniya ba, ciwon ƙasa dai an san hanyar da yake bi. Yaya ta sunkuyar da kai tana goge teburin da ba shi da datti. Umma ce ta daɗe tana kallona, sannan ta ce,

"Ni na haife ki, na yarda da ke. Amma duniya ba ni ba ce, Auta. In gidan su yaron nan suka ji sukari, suka ji wannan kuma, wallahi ba za su tsaya jin bayanin yis ba."

Nan take suka yanke hukunci su biyu, Umma da Gwaggo, waɗanda rabon da bakinsu ya zo ɗaya tun Abba na da rai. In rufe bakina. In Dogo ya kawo cakulan in ci, in an ba ni kek a gidansu in karɓa, kar in ba kowa dalilin tambaya. Bayan an ɗaura aure in ga dama in koma cin ciyawa kamar akuya.

Ku gaya min, 'yan uwa, wannan shawara ce? In ci abin da na san zai dawo min da azabar da har yanzu ban gama fita daga cikinta ba, don kawai a ce amarya lafiyayya ce? Sannan in shiga gidan mutum da ciwo a ɓoye, ranar da ya gano ya ce na yaudare shi? A lokacin magani ya fara aiki, na fara tafiya kamar mutane, na fara barci. Wanda bai ɗanɗani wancan ƙaiƙayin ba ba zai san darajar wannan sauƙin ba.

Da yamma Dogo ya zo da kwalinsa mai jan zare. Na karɓa na gode, na ajiye a gefe. Ya yi ta kallon kwalin yana kallona, har ya tafi ban buɗe ba. Bai kai ƙarshen layi ba saƙonsa ya shigo wayata.

"Kin ci kuwa?"

"Na ajiye tukuna."

"Na yi laifi ne? Ko an fara kawo miki wanda ya fi nawa?"

Na rubuta masa gaskiya tun daga farko, na karanta, na goge. Na sake rubutawa na sake gogewa. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "Ba ka yi komai ba, za mu yi magana." Kunya ce ta riƙe ni, kuma na ji haushin kaina, don ban ga abin da na aikata da zan ji kunyarsa ba.

Ranar taro na sa doguwar riga ruwan zuma mai ɗinkin zare a wuya, da mayafi mai ɗan duhu, da takalmi marar tsini. A ciki kuwa kamfai ne na auduga, faffaɗa, irin wanda ko Gwaggo za ta ce ya yi mata yawa. Yaya ta gan shi a kan igiya ta ce ta ɗauka matashin kujera na wanke. Kek ya yi kyau a ido, fari da ratsin shuɗi, amma ba wanda ya san yadda yake a baki sai Yaya, ita kuma shaidarta kun ji yadda take. Tun a mota Gwaggo ke maimaita min, "Loma ɗaya dai ba ta kisa."

Falon maman Dogo babba ne, labule har ƙasa, mata sun cika kujeru wasu na kan kafet, ƙamshin turare kamar ya ɗaga rufin. Ita Mama doguwa ce kamar ɗanta, tsohuwar shugabar makaranta, irin matan da in sun yi gyaran murya kowa ke gyara zama. Ta karɓe ni da fara'a, ta zaunar da ni kusa da ita. Aka zagayo da lemo na ɗauki ruwa. Aka yanka kek ana tafi ana hoto. Sai Mama ta ɗebo yankan farko a faranti, ta soka cokali mai yatsu, ta juyo gare ni.

"'Yata, an ce ke ce harshen shagon nan. Buɗe baki, da hannuna zan ba ki."

Wayoyi suka ɗago suna jiran hoto. Na hango Umma ta kafe ni da ido, Gwaggo kuma ta miƙo ƙafa ta taka min yatsa. Cokalin na gaban bakina, har ƙamshin botar nake ji. Ba zan ɓoye muku ba, miyauna ya tsinke, kuma na san in na haɗiye loman nan ba mutuwa zan yi ba. Amma na san ba loma ɗaya ake nema a wurina ba. In na karɓi wannan, gobe ma zan karɓa, in yi ta karɓa ina murmushi har ƙarshen rayuwata.

"Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya ci ba."

"Azumi take!" Gwaggo ta yi caraf.

Duk falon suka kalli kofin ruwan da ke hannuna, wanda na sha rabinsa a gabansu.

"Ba azumi nake ba," na ce. "Likita ce ta hana ni zaƙi. Sukarin jinina ya hau."

Mama ta sauke cokalin kaɗan. "Subhanallahi. Yarinya ƙarama kamarki? Me ya kai ki asibiti har aka gano?"

Tambaya ce ta tausayi, kuma da an bar ni da na san yadda zan amsa ta cikin mutunci. Amma Gwaggo ta riga ta rikice, ta miƙe tsaye tana tafa hannu.

"Ai ba wani abu ba ne, ɗan sanyi ne na mata! Kuma wallahi tallahi yarinyar nan ba ta bin maza, ni shaida ce, kullum ina shagon!"

Wa ya tambaye ta? Wa ya kawo zancen maza? Na ga fuskoki suna canzawa ɗaya bayan ɗaya, wata ta rufe baki da mayafi, wata ta matsar da 'yarta daga kusa da ni kamar ana ɗauka a iska. Umma ta runtse ido. Ni kuwa kunyar da na yi ta dako duk ta bi iska. Na ajiye kofin na miƙe.

"Tunda an fara, bari in ƙarasa da bakina. Ƙaiƙayin gaba ne ya kai ni asibiti. Likita ta ce ƙwaya ce da ke jikin mata da yawa, ba sai ta hanyar namiji ba, kuma yawan sukari a jinina ne ke sa ta dawo min. Ina kan magani, na samu sauƙi, kuma ba zan koma ba saboda kek, ko da mu muka yi shi. Na tabbata ba ni kaɗai ce mace a falon nan da ta san abin da nake faɗa ba."

 Wasu suka shiga duba wayoyinsu da gaggawa. Mama ta ajiye farantin a kan tebur, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta ce a zuba wa baƙi abinci. Muna neman takalma a bakin ƙofa wata mata mai jan mayafi ta matso kamar tana neman nata, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, wace rana likitar taki take zama?"

A mota Gwaggo ta yi ta jan carbi da ƙarfi. Muna shiga gida Umma ta cire mayafi ta jefar a kujera.

"Kin kashe aurenki da bakinki, Auta."

"Umma, in loma ɗaya ce ke riƙe da shi, ai dama ba shi da rai."

Na faɗa da ƙarfin hali, amma ina shiga ɗaki na zauna a bakin gado na riƙe waya da hannu biyu. Ina son mutumin nan. Duk taurin kaina, addu'a nake Allah Ya sa ya kira ya ce min yaya jiki. Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"An gaya min abin da ya faru."

Na jira. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Auta, don Allah ki gaya min gaskiya, ba zan faɗa wa kowa ba. A wurin wa kika samo shi?"

Na karanta har idona ya daina gani. Maganar Gwaggo ba ta sa ni kuka ba, kallon matan falo bai sa ni ba, amma wannan layin ya sa ni. Mutumin da ya san fitata da shigata, wanda in ya zo ko hannuna bai taɓa riƙewa ba, shi ke tambayata wurin wa. Bai ce sannu ba. Bai tambayi sukarin da aka ce yana bakin ƙofa ba. Na share hawayena da bakin riga, na rubuta masa ba tare da na goge ko harafi ba.

"Gobe da safe zan koma wurin likita. Ka zo ka yi mata wannan tambayar da bakinka, a gabana. In ba ka zo ba, kar ka sake zuwa duba mana firij."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Da safe na dafa ƙwai na ci da kokwamba, na sha shayi ba sukari ina yamutsa fuska, don har yau ban saba ba. Umma na jin fitata ba ta tambaye ni ina za ni ba. A asibiti na zauna a dogon benci tsakanin wata mai ciki da wata tsohuwa mai tari, idona a kan ƙofar shigowa. Duk dogon da ya sunkuyo ya shigo sai in duba in ga ba shi ba ne. Layi ya yi ta matsawa. Na duba waya, babu komai. Da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce saura ni, na miƙe na gyara mayafina, na ce a raina shi ke nan, da ƙafata na zo kuma da ita zan koma.

Na shiga, na juya zan rufe ƙofa, sai na ji an riƙe ta daga waje. Hannun mace ne, da zobe da agogo. Na ɗaga kai na ga maman Dogo tsaye, jakarta a hammata, ita kaɗai.

"Ba shi ya yi tambayar ba," ta ce. "Ni na sa shi. Don haka ni zan ji amsar."

Likita ta sa tabaronta tana kallonmu. Na buɗe ƙofar har ƙarshe, na ja mata kujerar da ta fi kyau.

"Bismillah, Mama, shigo ki zauna, ki tambayi duk abin da kike so. Amma in mun fito ki kira min shi. Ke kika ba shi tambayar, na ji. Ina so in ji daga bakinsa dalilin da ya sa ya iya turo min ita."